Ruwan Shuka a Watan Nuwamba

Abubuwa da yawa sun faru da ni a shekarun karatu waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tuna su, amma akwai guda ɗaya da na tabbata ba zai fita daga raina ba ko da tsufa ya kwashe sauran. Ba a makaranta ya faru ba. A gidanmu ne, a wani ƙauye da ke tsakanin Bakori da Malumfashi, cikin hutun ƙaramar Sallah, kuma duk abin a kan 'yan dammunan dawa ne da wani zane a kwamfuta.

A lokacin ina shekara ta biyu a makarantar gaba da sakandare, ina karanta ƙididdiga. Ni ba mai yawan magana ba ce. A gida Malama ake ce mini, ba don ina koyar da kowa ba, sai don kullum ana ganina a gindin darbejiya da littafi. Mahaifina ne kaɗai ba ya kirana haka. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Duk da wannan, ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ba. Gaisuwa ce, sai "to, Baba", sai in wuce. A makaranta ma haka nake. In malami ya yi tambaya, sau da yawa na san amsa, amma sai in rubuta ta a gefen takarda in jira wani ya faɗa.

Muna da wani irin dawa a gidanmu, kaura ce mai manyan ƙwayoyi, wadda Baba ya gada daga mahaifinsa. Kowace kaka, kafin a shiga yanka, Baba yakan bi gona shi kaɗai da wuƙa, yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta cika masa ido ita yake yankewa. Waɗannan ake ɗaurewa a rataye su a madafi, a saman murhu, hayaƙi yana bugun su duk rani don kada ƙwari su taɓa. Su ne irin shekara mai zuwa. Ba a ci, ba a sayarwa, ko yaro bai isa ya zari zangarniya ɗaya ba. A da kusan kowane gida a ƙauyen yana da nasa, amma mutane sun koma masara da waken suya, wasu kuma suna sayen iri a kasuwa. Ƙanen Baba, wanda muke kira Kawu, ya bar nasa ya ɓace tuntuni. A dangi gaba ɗaya, abin da ke rataye a madafinmu shi ne ya rage.

Matsalar wannan dawa ɗaya ce: tana son doguwar damina. In ruwa ya sauka da wuri ya kuma daɗe, babu irinta. In ya makara, sai ta fitar da kai a ƙurarren lokaci, ruwa ya ɗauke kafin ta yi ido. Shekaru biyu a jere haka ta faru. Zangarniya ta fito shafal, rumbu bai cika ba, Baba kuma ya rage magana.

Yayana, wanda nake bi, yana aiki a Funtua tare da masu koya wa manoma sababbin dabaru. Mutum ne mai zafin nama, mai son gidanmu, kuma ya daɗe yana roƙon Baba ya koma iri mai saurin nuna. A wannan Sallah ya zo da ƙaramin buhu na sabon irin a bayan babur, ya zo kuma da laftof ɗinsa. Ya riga ya gane cewa baki kaɗai ba zai shawo kan Baba ba, don haka ya ce zai nuna masa a zane.

Washegarin Sallah da la'asar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya buɗe manhajar nan ta lissafi mai gidaje-gidaje kamar dara, ya ce Baba da Inna su tuna masa lokacin da ruwan shuka ya sauka a kowace shekara, iya abin da za su iya tunawa. Babu wanda ya taɓa rubuta irin wannan a gidanmu. A ka ake riƙewa, kuma abin da ake rataye shi a jiki shi ne azumi da Sallah da abubuwan da suka faru a gida.

Baba ya ce, "Shekarar da muka yi rufin kwano, a watan azumin tsofaffi muka yi shuka, wajen ƙarshensa."

Inna, wadda ke tsince shinkafa a gefe, ta ce, "Haka ne. Wadda ta biyo kuma sai da watan sha ruwan tsofaffi ya kama."

"Anya?"

"Malam, ni na kai muku kunu gona. Kai fa abin da kake tunawa shi ne ko kunun ya ji sukari."

Haka suka yi ta yi. Akwai shekarar da aka yi shuka ana gab da ɗaukar azumi. Akwai wadda aka yi ta cikin azumi da ƙishirwa a baki, Kawu ya kwanta a gindin ɗorawa ya ce a gaya wa iyalinsa ya yafe musu. Akwai wadda ruwa ya tashi mutane daga filin idi, kowa ya ruga gida ya tuɓe sabuwar riga ya ɗauki sungumi. Shekaru biyun ƙarshe kuwa sai bayan Sallah sosai, ɗaya ma har watan da ke tsakanin Salloli ya kama. Yaya yana ji yana bugawa. Ina zaune nesa kaɗan da littafina, ina jin hirar, amma ban ga abin da yake shigarwa ba.

Da ya gama ya danna, sai zane ya fito. A ƙasa shekaru ne a jere. A gefe lambobi ne, waɗanda ya ce adadin kwanaki ne daga farkon shekara zuwa ranar ruwan shuka. A tsakiya kuma wani layi ne da ya tashi daga ƙasa ta hagu ya haye sama ta dama, kamar tsani da aka jingina a katanga. Yakan ɗan karkace nan da can, amma bai taɓa komawa inda ya fito ba.

Yaya ya ce, "Baba, ka gani. Ba shekara biyu ba ce kawai. Kowace shekara ruwan yana ƙara ja da baya. Kaura ba za ta ƙara samun daminar da take so ba."

Kawu, wanda ya shigo ana cikin haka, ya sunkuya ya leƙa, ya ce, "Ikon Allah. Abu bai taɓa riƙe fartanya ba, amma ya san damina."

Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon layin. Ba ya karanta boko, lambobin gefe ba su ce masa komai ba, amma tsani kowa ya san shi. Na sha tunanin me ya sa mutumin da ya yi noma duk rayuwarsa ya yarda da abin nan da sauri haka. Abin da na fahimta daga baya shi ne, shekaru biyun nan sun riga sun karya masa gwiwa, zanen bai zo masa da sabon labari ba, tsoron da ke ransa ya zana masa. Ga shi kuma ɗansa ne ya kawo, daga cikin na'urar da ake cewa ba ta kuskure.

Can ya ɗago ya ce wa Inna, "Gobe a sauke dammunan can. A sussuke, a surfe, a kai inji."

Inna ta ajiye faranti. "Irin, Malam?"

"Shi. In na bar shi a rataye, ranar da hadari ya haɗu zuciyata za ta koma kansa, in sake jefa gidan nan cikin abin da muka fito. A ci shi kawai a huta."

Ko Yaya bai zaci abin zai kai nan ba. Ya ce ai ana iya ajiyewa. Baba ya ce ya gama magana, ya tashi ya tafi masallaci.

Da safe, bayan an karya, Yaya ya miƙo mini laftof ɗin. Ya ce yana so ya nuna zanen a wani taron manoma in ya koma, amma ya yi fari fat. "Malama, ke ce mai haƙurin irin wannan. Sa masa kala, ki rubuta masa suna a sama, ki gyara gefe-gefen nan ya yi kyau." Ya ɗauki bokiti ya fita bayan gida wanke babur.

Na zauna a ƙofar ɗakin Inna. Daga nan ina hango madafi, inda aka riga aka sauke dammunan aka jingina su a bango, sun yi baƙi-baƙi da hayaƙi. Inna ta kwance ɗaya ta zuba a turmi.

Ina da wata ɗabi'a da ƙawayena suke yi mini dariya a kanta: ba na iya barin zane ba tare da na rubuta abin da kowane gefe yake nufi ba. Na sa suna a sama. Na rubuta "shekara" a ƙasa. Da na zo kan lambobin gefe sai na ga manomi ba zai gane ɗari biyu da kaza ba, gara a ce sunayen watanni ne a wurin. Manhajar tana iya mayar da lamba ta koma kwanan wata, don haka na zaɓi gefen na ce ta nuna wata. Lambobin suka ɓace, sunaye suka fito. Na karanta daga ƙasa zuwa sama: Yuli, Agusta, Satumba, Oktoba, Nuwamba.

Na sake karantawa. A Nuwamba ake yankan dawa a garinmu. Zanen yana cewa bara mun yi shuka a lokacin da muke girbi.

Na koma cikin gidajen da Yaya ya cika, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin a fili yake. Da Baba ya ce watan azumin tsofaffi, wato Rajab, Yaya ya ƙirga ya ga shi ne na bakwai, ya buga bakwai. Watan azumi ya buga tara. Watan ƙaramar Sallah goma. Bai yi kuskuren ƙirga ba ko ɗaya. Ita kuwa manhajar kalandar boko kaɗai take ɗauka in ba an gaya mata ba, don haka ta karɓi bakwai a matsayin Yuli. Wannan ma da sauƙi. Babban abin shi ne shekarar Musulunci ta gaza shekarar rana da kwana goma ko sha ɗaya, damina kuwa rana take bi. Ko da ruwa zai riƙa sauka a rana ɗaya tak kowace shekara, in da watan sama ake ƙirga shi, dole a ga kamar yana matsawa gaba. Tsanin da ya tsorata Baba tafiyar wata ce, damina ba ta da hannu a ciki. Kowa a gidanmu ya san azumi yana zagayawa, yara ma sun sani. Sai dai da abin ya shiga kwamfuta ya fito a matsayin layi, babu wanda ya gane shi.

Na ce wa Inna, murya ƙasa-ƙasa, ko za ta ɗan dakata.

Ta ce, "Babanki ya faɗa. Ni ba ruwana da na'urarku. In kina da magana, ga zaure can."

Amma na lura da yadda take dakan. Inna mace ce da in ta kama taɓarya ana jin ta har maƙwabta. Ran nan sai ta buga ɗaya, ta tsaya gyara ɗaurin zane, ta buga ɗaya, ta tafi duba tukunyar da babu komai a ciki.

Ban tafi zaure ba tukuna. Ba na son in buɗe baki da rabin magana. Akwai manhaja a wayata mai juya kwanan watan Musulunci zuwa na boko. Na buɗe sabon sahu kusa da na Yaya, ban taɓa nasa ba, na riƙa juya kowace shekara ina shigarwa. Inda Baba ya ce "wajen ƙarshen wata" na ɗauki tsakiyar goman ƙarshe na sa alama a gefe cewa kintace ne. Na san ganin wata yakan bambanta da lissafin waya da kwana ɗaya ko biyu, na rubuta wannan ma. Sannan na fitar da sabon zane a gefen na farko.

Tsanin ya ɓace. Abin da ya fito kamar haƙoran zarto ne: wata shekara sama, wata ƙasa, duka suna yawo tsakanin ƙarshen Mayu da tsakiyar Yuni. Ɗigo biyu na ƙarshe suna sama, wannan gaskiya ne. Amma can baya akwai wata shekarar da ta kusa kai su, kuma wadda ta biyo ta ta sauko ƙasa sosai.

Na ɗauki laftof ɗin na zagaya bayan gida. Yaya yana durƙushe yana goge ƙafar babur. Na nuna masa, na sa yatsa a kan Nuwamba. Ya goge hannu a wando ya karɓa. Mutum ne mai saurin ganewa, bai ɗauki lokaci ba. Ya ce "Innalillahi" a hankali, ya zauna a kan bokitin da ya kife.

Na ɗauka zai tashi mu tafi wurin Baba. Sai ya rufe laftof ɗin.

Ya ce, "Malama, saurara. Zanen ya yi kuskure, na yarda. Amma maganar fa? Damina tana canzawa, duk wanda ke aikinmu ya san haka. Shekara nawa ina fama da Baba? Jiya ne kaɗai ya saurare ni. In kika je kika warware wannan, ya koma kan kaurarsa, ruwa ya sake makara, me za a ci a gidan nan? Ke kina makaranta. Ni nake ganin rumbun."

Na ce, "Amma ba abin da ya faru ba ne, Yaya."

"Na sani. Zan gyara kafin taro. Baba dai ki bar shi."

Ba zan ce maganarsa ba ta da nauyi ba. Har yau ina ganin tana da shi. Ba don kansa yake yi ba, kuma mai yiwuwa ne sabon irin ya fi dacewa da mu. Na tsaya a wurin ina jin taɓaryar Inna daga cikin gida. Abin da ya tsaya mini shi ne, in Baba zai rabu da abin da ubansa ya bar masa, ya kamata ya rabu da shi a kan abin da yake gaskiya. Kuma dawa in ta shiga inji ba ta dawowa. Na miƙa hannu. Yaya ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, sannan ya ba ni laftof ɗin.

Zauren gidanmu wuri ne da nake wucewa da sauri, kai a ƙasa. Ran nan Baba yana ciki da Kawu da wani maƙwabcinmu dattijo da ya zo barka da Sallah. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe su. Suka amsa, suka ci gaba da hirarsu, suna jiran in wuce. Ban wuce ba.

Baba ya ce, "Uwata, lafiya?"

Na faɗi wani abu da ni kaina ban ji ba.

Kawu ya ce, "Ɗaga murya, Malama. Ba gidan surukai kika zo ba."

Duk bayanin da na shirya a hanya ya gudu. Abin da ya zo bakina tambaya ce. Na ce, "Baba, azumin da ka fara yi kana yaro, a wane lokaci ne?"

Ya yi mamaki, amma ya amsa. Ya ce lokacin zafi ne, irin na bana, yana tuna yadda suke kwanciya a bakin rijiya. Dattijon ya ce shi kuwa ya yi azumi cikin sanyi, ya yi cikin kaka, ya yi cikin marka, ga shi ya zagayo.

Na ce, "To damina ma tana zagayawa tare da shi?"

Kawu ya yi dariya. "Wace irin tambaya ce wannan? Damina tana nan inda Allah Ya ajiye ta. Wata ne ke yawo."

Na ce, "To abin da zanen jiya ya nuna ke nan. Yawon wata."

Na matsa na ajiye laftof ɗin a kan tabarma. Na nuna musu zanen farko, na karanta musu watannin gefe, na ce bisa wannan, bara a Nuwamba muka yi shuka. Dattijon ya ce, "A'a, wannan kuma ƙarya ne, a lokacin ina ɗaurin dami." Na gaya musu yadda aka yi bakwai ta zama Yuli. Sannan na nuna na biyu. Ban ambaci sunan Yaya ba, na ce kwamfutar ce ba a gaya mata da wace kalanda ake magana ba.

Baba ya jawo laftof ɗin gabansa, abin da bai yi ba jiya. Ya sa yatsa a kan wani ɗigo da ke ƙasa ya ce wace shekara ce wannan. Na ce wadda ruwa ya tashe ku daga idi. Ya gyaɗa kai. Ya taɓa wani a sama, can baya. Na ce wadda aka yi shuka da ƙishirwa. Ya ce, "Ƙwarai, ta makara. Har mun fara maganar roƙon ruwa." Ya bi su duka haka, yana tambaya ina faɗa, kamar mai duba zangarniya a gona. Da ya gama ya ce, ba da kowa yake ba, "Ni da bakina na ba da watannin nan."

A nan Yaya ya yi sallama ya shigo, hannunsa da sauran kumfa. Ya durƙusa ya ce kuskuren nasa ne, shi ya shigar da watannin ba tare da ya juya su ba, kuma abin da na nuna shi ne daidai. Sannan ya ce, "Amma Baba, dubi biyun ƙarshen nan. Suna sama. Wannan ba wata ba ne."

Baba ya juyo gare ni. "Haka ne?"

Na ce haka ne. Na ce shekarun da muke da su kaɗan ne, kuma daga ka aka ɗauko su, ba za su isa a ce damina tana ja da baya ba, ba kuma za su isa a ce ba ta ja ba.

"To bana yaushe ruwan zai sauka?"

"Ban sani ba, Baba. Zanen ma bai sani ba."

Kawu ya ce, "Ashe dai bai riƙe fartanyar ba."

Baba ya miƙe, ya tsaya a ƙofar da ke shiga cikin gida ya ɗaga murya ya ce a dakata da dakan nan. Taɓarya ta tsaya nan take, kamar dama jira take. Inna ta amso daga ciki cewa dami ɗaya ya riga ya sha ruwa, an surfe shi. Ya ce wannan a kai inji, sauran a mayar inda aka ɗauko su.

Da daddare tuwon irin muka ci, da miyar kuka. Kowa ya san abin da ke cikin kwanon, babu wanda ya ambata. Kawu ne kawai ya ce bai taɓa cin tuwo mai tsada irin wannan ba, ya kuma nemi ƙari.

Da ruwa ya sauka, Baba ya raba gonakinsa. Ta kwari, mai riƙe laima, ya shuka mata kaura. Ta tudu ya ba Yaya ya zuba sabon irinsa. Haka ake yi har yanzu. Wata shekarar ta tudu ce ke ciyar da gidan, wata shekarar ta kwari, kuma su biyun ba su daina gardama a kan wadda ta fi ba. Yaya ya kai zanen da aka gyara wurin taronsu. Ya ce mini bai burge kowa ba, don layin da ya hau ya sauka ba ya sa mutane salati. Mun ɗan yi kwanaki ba ma sakin jiki da juna, daga baya ya wuce. Yanzu duk ranar da ruwan shuka ya sauka, Baba yakan sa a kira ni a waya, ya faɗa mini kwanan watan sama, sannan ya ce, "Sai ki juya shi, Uwata, kada na'urarku ta kai mu Nuwamba."

Yau aikina ke nan, jera lambobi da fitar da zane, kuma abin da na koya a zauren nan ya fi abin da na koya a aji zama a kaina. Layi a kan allo yana da kwarjini, musamman a idon wanda ba zai iya karanta gefensa ba, kuma in ya miƙe sumul yana faɗin abin da ake tsoro ko abin da ake so, a lokacin ne ya fi bukatar a bincike shi. Kafin in ja kowane layi yanzu, sai na tambayi wanda ya ba ni kwanakin da wace kalanda ya ƙirga, kuma ba na sakin zane sai na rubuta abin da kowane gefe yake nufi. Na kuma daina rubuta amsa a gefen takarda ina jiran wani ya faɗa. Da na yi hakan ran nan, da babu abin da ke rataye a saman murhun Inna yau.